Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Maganar da Ba a Furta Ba a Cikin Labari

Ku ɗauka kuna karanta wani littafin Hausa, kun zo wurin da wani uba ya aiki ƙanensa ya binciko masa halin saurayin da ke neman auren 'yarsa. Bayan kwana biyu ƙanen ya dawo, suka zauna a zaure bayan la'asar.

"Yaya ka samu yaron?"

"To, Yaya, gidansu dai gidan mutunci ne. Mahaifinsa kuwa ba ya rasa sahun farko."

Uban ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri."

Babu wanda ya aibata saurayin ko da kalma ɗaya, amma kun riga kun san auren nan da wuya ya yiwu. An tambayi ƙanen halin yaro, shi kuma ya yabi gida, ya yabi uba, ya tsallake yaron. Tsallakewar nan ita ce amsar. To ta yaya mai karatu yake gane abin da ba a rubuta masa ba? Kuma me ya sa hirar da ta fi daɗi a labari ita ce wadda aka bar wani abu a cikinta ba a faɗa ba?

Mece ce ma'anar da ba a furta ba?

Duk maganar da mutum ya yi tana iya ɗaukar abu biyu. Akwai abin da kalmomin suka ce, wanda ko baƙo mai ƙamus zai iya fassarawa. Akwai kuma abin da mai maganar yake so a gane, wanda sai an haɗa da sanin waye shi, da wa yake magana, a ina, kuma me ya faru kafin nan. Wannan na biyun shi ake nufi da ma'anar da ba a furta ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin abin, har ya raba shi gida-gida. Akwai habaici, wato a faɗi laifin mutum ba tare da an kama sunansa ba. Akwai gatse, a faɗi akasin abin da ake nufi. Akwai hannunka-mai-sanda, a ankarar da mutum a fakaice don kada ya ji kunya. Akwai shaguɓe, da gugar zana, da jirwaye mai kamar wanka. Abin da masana harshe suka ƙara shi ne bayanin hanyar da mai sauraro yake bi har ya kai ga ma'anar.

Wa ya tsara wannan bayani?

Wani masanin falsafa ne ɗan Ingila mai suna Paul Grice, wanda aka haifa a 1913, ya rasu a 1988. Ya koyar a Jami'ar Oxford, daga baya ya koma Berkeley a Amurka. A 1967 ya gabatar da jerin laccoci a Jami'ar Harvard, kuma a 1975 aka buga ɓangaren da ya shafi hira, wanda shi ne ya fi shahara a cikin ayyukansa.

Tambayar da ta dame shi mai sauƙi ce. Mutum ya tsaya a gefen hanya ya ce mai ya ƙare masa, wani ya ce masa akwai gidan mai idan ya sha kwana. Na biyun bai ce gidan man a buɗe yake ba, bai ce akwai mai a ciki ba, amma haka na farkon zai fahimta, kuma zai ga an zalunce shi idan ya je ya tarar an rufe wurin tun bara, alhali wanda ya tura shi ya sani. Grice ya ce dalili shi ne duk lokacin da mutane biyu suka shiga hira, kowa yana ɗauka ɗan'uwansa yana ba shi haɗin kai, wato yana faɗin abin da zai amfani zancen da ake yi. Wannan zato shi ya kira ƙa'idar haɗin kai.

Ku lura, haɗin kai a nan ba ya nufin jituwa. Kishiyoyi biyu da ke jifan juna da baƙar magana suna ba juna irin wannan haɗin kai, domin kowace tana so ɗayar ta gane inda aka dosa.

Me ƙa'idar ta ƙunsa?

Grice ya kasa ta kashi huɗu.

Na farko, gwargwado: ku ba da bayani daidai da abin da ake bukata, kada ya gaza, kada kuma ya zarce.

Na biyu, gaskiya: kada ku faɗi abin da kuka san ƙarya ne, ko abin da ba ku da hujja a kansa.

Na uku, dacewa: maganarku ta shafi batun da ake kai.

Na huɗu, tsari: ku yi magana sarai, a taƙaice, bi da bi, ba tare da kewaye-kewaye ba.

Wataƙila ku ce, ai ba wanda yake magana haka kullum. Gaskiya ne, kuma Grice bai ce mutane suna yi ba. Waɗannan ba dokokin tarbiyya ba ne da ake umartar ku da bi. Bayani ne na abin da mai sauraro yake tsammani daga mai magana tun kafin ya buɗe baki. Saboda wannan tsammanin yana nan ne, duk sa'ad da aka kauce masa sai kunne ya tsaya ya nemi dalili.

Ta yaya kaucewa take haifar da ma'ana?

Mu ɗauki kowace ƙa'ida mu ga yadda marubuci zai iya sa tauraron labarinsa ya taka ta da gangan.

Misalin zauren nan na gwargwado ne, ƙanen ya faɗi ƙasa da abin da aka tambaye shi. Grice kansa ya kawo mai kama da shi: malamin da aka nemi ya rubuta wa ɗalibinsa takardar shaida don neman aikin koyar da falsafa, sai ya yabi Turancin ɗalibin da yadda ba ya fashin zuwa aji, ya sa hannu. Wanda ya karanta ya san ɗalibin ba gwanin falsafa ba ne.

Ga na gaskiya. Saurayi ya shigo gida ƙarfe ɗaya na dare, ya tarar da mahaifiyarsa zaune a tsakar gida. Ta ce, "Sannu da zuwa. Yau kam ka dawo da wuri." Ita ta san ba gaskiya ba ne, shi ma ya sani, kuma ta san ya sani. Gatse ke nan.

Ga na dacewa. "Maigida, an ce gobe za a kori waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba." Ya amsa yana ɗaura agogo, "Alhaji bai dawo daga tafiya ba har yanzu." A zahiri amsar ba ta shafi makaranta ba, amma matar ta gane: ba a biya albashi ba, babu kuɗi.

Ga na tsari. "Bakaniken ya gyara motar?" "Ya dai kwance injin, ya mayar da shi, ya karɓi kuɗinsa." Da an gyara, kalma ɗaya ta isa. Doguwar hanyar da aka bi ita ta nuna motar tana nan yadda take.

A kowane misali, ƙwaƙwalwarku takan yi aiki iri ɗaya cikin ƙiftawar ido. Kun ji abin da aka ce, kun ga bai zauna daidai ba, ba ku ɗauka mai maganar ya zautu ba, sai kuka tambayi kanku me zai sa mai hankali ya faɗi haka a wannan wuri. Amsar da kuka samu ita ce ma'anar.

Mene ne bambancin wannan da yaudara?

Bambancin yana wajen ko ana so a gane. Mai gatse da mai habaici suna taka ƙa'ida a fili, suna so a lura. Mayaudari kuwa yana taka ta a ɓoye, yana fatan kada a lura. Akwai kuma wanda yake janye jikinsa gaba ɗaya, kamar likitan da ya ce ba zai faɗi ciwon wani ba. Akwai wanda ƙa'idoji biyu suka yi masa karo: an tambaye shi inda wane yake zaune, bai san unguwar ba, sai ya ce "wajen Zariya dai", ya gwammace bayaninsa ya gaza da ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

Wani hali na ma'anar da ba a furta ba shi ya sa ta zama makami a hannun mugun tauraro: ana iya musanta ta. Uwargida ta ɗanɗana miyar amarya ta ce, "Kai, bana gishiri ya yi araha." Idan amarya ta kai ƙara, sai ta ce ita zancen kasuwa take yi, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Shakespeare ya gina wasansa Othello, wanda ya rubuta a farkon ƙarni na 17, a kan wannan dabara. Iago yana so ya sa wa shugabansa Othello zargin matarsa Desdemona. Da farko bai fito ya ce ta ci amana ba. Ya ga wani mai suna Cassio yana barin wurinta, sai ya yi ɗan gunaguni, da aka tambaye shi me ya ce sai ya noƙe. Ya riƙa maimaita tambayoyin Othello maimakon ya amsa su, kamar mai riƙe da wani sirri mai nauyi. Othello, wanda ya ɗauke shi mai gaskiya, sai ya cike gurbin da kansa. Ƙarya ƙarara ta biyo baya ne bayan zargi ya riga ya kama. Abin ya ƙare da Othello ya kashe matarsa ba da laifinta ba.

Me ya sa marubuta suke son ta?

Dalili na farko, haka mutane suke magana. Abin da ya fi damun mutum shi ya fi wuyar fitowa daga bakinsa kai tsaye. Na biyu, mai karatun da ya gano abu da kansa ya fi riƙe shi a kan wanda aka ɗura masa. Na uku, yadda mutum yake kewaye magana yana nuna halinsa da matsayinsa fiye da shafi guda na siffantawa.

Misalin da aka fi koyarwa a makarantu shi ne gajeren labarin Ernest Hemingway na 1927 mai suna Hills Like White Elephants. Wani Ba'amurke da wata budurwa suna jiran jirgin ƙasa a wata ƙaramar tasha a Sifen, suna shaye-shaye suna hira. Shi yana ta nanata mata cewa wani aiki da za a yi mata mai sauƙi ne, kuma ba zai tilasta ta ba. Ita kuwa tana kallon tsaunuka tana sauya zance, har ta roƙe shi ya yi shiru. Daga farko har ƙarshe ba a ambaci zubar da ciki ba, amma a kansa ake magana. Yawan nanatawarsa cewa ba dole, shi ya tona cewa matsa mata yake yi. Hemingway ya kwatanta irin wannan rubutu da dutsen ƙanƙarar da ke yawo a teku, wanda kashi ɗaya cikin takwas kawai ake gani a saman ruwa.

Ku gwada waɗannan biyun. Marubuci na farko ya rubuta:

"Malam, ka san shekararmu goma sha biyu da aure ban haihu ba, kuma na ji labarin za ka ƙara aure, raina ya ɓaci ƙwarai."

Na biyu ya rubuta:

"Malam, na ga an kawo buhunan siminti an jibge a bayan ɗakina."

"Katangar nan ce za a ɗan taɓa."

"Katanga da taga biyu? To, Allah ya sa albarka."

A na farko matar tana gaya wa mijinta abin da ya riga ya sani, don kawai mai karatu ya ji. Ta zarce gwargwado ba tare da dalili ba, shi ya sa maganar ta yi kama da karanta takarda. A na biyu akwai miji mai ɓoye-ɓoye, da mace mai kaifin ido wadda ta zaɓi ta haɗiye fushinta, kuma ba a kira sunan kishiya ba.

Wa marubucin yake ba haɗin kai?

A kowane labari hira biyu ke gudana lokaci guda. Taurari suna magana da junansu, marubuci kuma yana magana da ku ta bakinsu. Taurarin suna da damar yin ƙarya, da ɓoye-ɓoye, da rashin fahimtar juna. Marubuci ne ba shi da damar barin ku a duhu har abada. Duk abin da ya sa a shafi, kuna ɗauka yana da dalili.

A littafin farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, aku yana ba Musa ɗan sarki labari bayan labari. A wurin Musa hira ce, amma mai karatu ya san manufar aku ita ce ya riƙe shi kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Daɗin wurin yana cikin wannan sanin da kuka fi Musa.

Wani lokaci kuma marubuci yakan juya abin a kanku. A littafin bincike na Agatha Christie mai suna The Murder of Roger Ackroyd, na 1926, mai ba da labarin ya tsallake abu mafi muhimmanci ta hanyar taƙaita bayani a daidai inda ya kamata ya faɗaɗa. Masu karatu suka yarda da shi saboda sun saba ɗauka mai ba da labari yana faɗin duk abin da ya dace. Da asiri ya tonu a ƙarshe, wanda ya koma baya zai tarar alamun suna nan. Wannan shi ne sharaɗin: a ɓoye, amma a bar sawu.

Ko ƙa'idojin iri ɗaya ne a ko'ina?

Zaton haɗin kai yana ko'ina, amma ma'aunin ya bambanta. A 1976 wata masaniya mai suna Elinor Ochs Keenan ta buga bincikenta a kan ƙauyawan Madagaska, inda ta nuna cewa sau da yawa sukan ba da bayani ƙasa da abin da aka tambaya, kuma ba wanda yake ɗaukar hakan a matsayin habaici, domin a wurinsu sabon labari abu ne mai daraja, kuma ana gudun ɗaukar alhakin magana.

Haka abin yake da kunya a ƙasar Hausa. Idan mace a labari ta ce "shi" ko "maigidan" ba ta kama sunan mijinta ba, ko uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, Bahaushe ba zai ga wata ɓoyayyar manufa ba, al'ada ce. Ranar da matar nan ta kira sunan mijin gatsau a gaban mutane, ranar ce mai karatu zai san ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Shiru ma magana ne. A fiƙihu, idan aka nemi izinin budurwa a kan aure ta yi shiru, ana ɗaukar shirun a matsayin yarda, saboda kunya kan hana ta furtawa. Marubutan da suka yi rubutu a kan auren dole sun sami fili a nan: iyaye su fassara shirun da yarda, mai karatu kuma, da ya ga yarinyar ta kwana ba ta taɓa abinci ba, ya fassara shi da wani abu dabam.

Su wa abin ya shafa, kuma ina hatsarinsa?

Ya shafi marubucin littafi, da mai tsara labarin fim a Kannywood, da mai rubuta wasan rediyo, da mai sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad. Ya shafi ɗalibin adabi, wanda ake tambaya a jarrabawa me tauraro yake nufi. Ya fi kowa wahalar da mai fassara, domin kalmomi sukan ƙetare zuwa wani harshe su bar ma'anar a baya. Wanda bai san matsayin sahun farko a masallaci ba, ba zai ga abin da ƙanen nan ya tsallake ba.

Kowace hanya da kayan aikinta. Ɗan fim yana da fuska da murya, harara ɗaya ta isa ta nuna gatse. Mai wasan rediyo yana da murya kawai. Marubucin littafi ba shi da ko ɗaya, sai abin da ya shimfiɗa tun farko da ɗan motsin da ya ba tauraro, kamar kallon tabarma ko ɗaura agogo.

Hatsarin kuwa iri uku ne. Idan aka sakaya zance fiye da kima, mai karatu ya ɓace, ya ajiye littafin. Idan kowa a labarin gwanin habaici ne, daga yaro har tsohuwa, muryoyin sun zama ɗaya. Na ukun shi ya fi yawa: marubuci ya rubuta habaici mai kyau, sai tsoro ya kama shi, ya bi shi da bayanin cewa matar ta faɗi haka ne don ta nuna wa mijin ta gane zai ƙara aure. Da wannan layin ya kashe abin da ya gina. Akwai kuma wurin da magana kai tsaye ta fi, musamman idan tauraro ya daɗe yana kewaye-kewaye. Ranar da ya fito ɓaro-ɓaro, maganar takan yi nauyi saboda an daɗe ana jiranta.

Yaya za ku yi amfani da wannan?

Idan masu karatu ne ku, duk inda amsa ba ta yi daidai da tambaya ba, ku dakata ku duba abu uku: me aka tambaya, me aka amsa, kuma me aka tsallake. Sannan ku tambayi kanku ko mai maganar yana so a gane ne, ko yana so a ruɗe.

Idan kuma marubuta ne ku, ku ɗauki shafi ɗaya na hirar da kuka rubuta, ku ja layi a ƙarƙashin duk inda tauraro ya faɗi abin da abokin hirarsa ya riga ya sani, ko ya kira sunan abin da ke zuciyarsa kai tsaye. Ku sake rubuta wurin, ku ba shi wani abu na kusa da zai yi magana a kai, siminti ko gishiri ko kuɗin makaranta. Daga nan ku ba wani ya karanta ba tare da kun yi masa bayani ba, ku tambaye shi me ya fahimta. In ya gane, ku bar shi haka. In bai gane ba, ku koma baya ku ƙara masa alama a shafukan da suka gabata, kada ku ƙara bayani a bakin tauraron.